Shekarar da muka yi muna koyon zama da iyayen Wiradjuri a makarantarmu

Makarantarmu ta firamare ce ta gwamnati, a tsakiyar yammacin jihar New South Wales ta Ostiraliya. Ƙasar da aka gina ta a kai ta al'ummar Wiradjuri ce, mutanen koguna uku: Wambuul da Galari da Marrambidya, waɗanda taswirar Turawa ke kira Macquarie da Lachlan da Murrumbidgee. Ma'aikatar ilimi ta jihar tana so kowane ɗalibi ɗan Aborijin, wato 'yan asalin Ostiraliya irin su Wiradjuri, ya samu nasa tsarin karatu a rubuce, wanda malami da iyaye da yaron kansa za su zauna su tsara, a taƙaice ana ce masa PLP. Da wannan takarda muka fara, kuma riga-malam-masallaci muka yi. Muka buga wasiƙu masu tambarin makaranta, muka zuba a jakunkunan yara, muka jera kujeru a ofishin shugaban makaranta. Waɗanda suka zo su ne waɗanda dama can suna shigowa. Nan da nan aka fara cewa a ɗakin malamai iyayen ba su damu da karatun 'ya'yansu ba. Maganar ba gaskiya ba ce, amma sai da muka koma tarihi sannan muka gane inda gizo ke saƙar.

Daga 1902, makarantun gwamnati a wannan jiha suna da damar korar ɗan Aborijin idan iyayen yaran Turawa suka yi ƙorafi, kuma sai a 1972 aka cire wannan ƙa'ida daga littafin dokokin malamai. A yi lissafi: wadda aka haifa a 1960 tana da shekara 12 lokacin da aka cire ta, yau kuwa ita ce kakar da ke tsayuwa a bakin ƙofa tana jiran jikanta ya tashi. Dokar 1909, wadda aka ƙara wa ƙarfi a 1915, ta ba hukumar kula da Aborijin ikon ɗauke yaro daga hannun iyayensa ba tare da zuwa kotu ba. Ana kai 'yan mata gidan Cootamundra, wanda ke cikin ƙasar Wiradjuri, a koya musu aikatau. Samari kuma a kai su Kinchela kusa da Kempsey. Rahoton binciken da aka gabatar wa majalisar tarayya ranar 26 ga Mayu 1997 ya ƙiyasta cewa tsakanin 1910 da 1970 an raba tsakanin yaro ɗaya cikin uku zuwa ɗaya cikin goma da danginsu, kuma wasu daga makaranta aka ɗauke su. Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa ranar 13 ga Fabrairu 2008, amma neman gafara ba ya goge abin da wasiƙa mai tambari ke tuna wa mutum. Ga iyali da yawa, takardar hukuma da ke cewa "a zo ofis a kan maganar yaronku" ba ta taɓa zuwa da alheri ba.

Saboda haka muka ajiye takardun, muka tambayi ƙofar da ya kamata mu yi sallama a kai. Uku ne. Ta farko jami'ar ilimin Aborijin ta makarantarmu, wadda 'yar garin ce, ta san wane gida ke da alaƙa da wane. Ta biyu reshen garinmu na ƙungiyar AECG, ƙungiyar tuntuɓa kan ilimin Aborijin da aka kafa a jihar a 1977, wadda ke da yarjejeniyar haɗin gwiwa da ma'aikatar ilimi daga 2020 zuwa 2030. Wanda ba Aborijin ba yana iya shiga a matsayin abokin tafiya, amma ba ya jefa ƙuri'a, kuma haka ya dace. Ta uku majalisar filaye ta Aborijin ta yankin, irin waɗanda dokar 1983 ta kafa. Shugaban makaranta da malami ɗaya suka riƙa halartar taron AECG, kuma a zama biyun farko ba su je da wata buƙata ba, gaisuwa da sauraro kawai. Wanda ya shigo taron farko da jerin abubuwan da yake so a yi masa kafin ƙarshen wata, an gane shi, an kuma ga irinsa da yawa sun zo sun tafi.

Ta hannun ƙungiyar muka shiga horon kwana uku da ake kira Connecting to Country. Ba a cikin ɗakin taro ake yin yawancinsa ba. Dattawan garin ne ke fita da ma'aikata bakin kogi, da tsohon sansanin da hukuma ta tsare kakanninsu, da wuraren da suka yarda a nuna wa baƙo, suna ba da labari da bakinsu. Ƙa'idojin aikin malanta na ƙasar, lamba 1.4 da 2.4, sun wajabta wa kowane malami sanin yadda ake koyar da ɗaliban Aborijin da na tsibiran Torres, waɗanda ke arewacin ƙasar, da kuma girmama tarihinsu da harsunansu, don haka samun malaman da za su je ba shi da wuya. Abin da muka kusa mantawa shi ne ma'aikatan ofis. Su ne fuskar farko da uwa ke gani, su ke ɗaukar waya, su ke miƙa fom. Malamin aji ya yi horon duniya, idan mai zama a tagar ofis ta tarbi kaka da "me ya kawo ki?" ba tare da gaisuwa ba, aikin ya rushe. A rukunin farko muka sa ma'aikaciyar ofis ɗaya, malamai biyu da mataimakin shugaba, sauran suka bi a zango na gaba, domin makaranta ba ta iya sakin kowa a mako guda.

Darasin da ya fi ɗaukar lokaci kafin ya zauna shi ne cewa babu wata al'ada guda ta "Aborijin". Lokacin da jiragen ruwan Ingila suka iso Sidni a 1788, ana magana da harsuna sama da 250 a nahiyar. Dogon bututun busan nan da duniya ta sani, daga arewa mai nisa yake, yankin Arnhem, kuma al'ummomi da yawa ba su yarda mace ta busa shi ba. Zanen ɗige-ɗige ya shahara ne daga Papunya ta hamadar tsakiya a 1971. Ba na Wiradjuri ba ne. Su an san su da sassaƙa zane a jikin bishiyoyi. Shekara da shekaru ana ba yara tsinken goge kunne da fenti a ajujuwanmu su yi ɗige-ɗige da sunan koyon al'ada. Mun daina. Yanzu duk abin da ya shafi zane, rawa, labari ko harshe, sai an tambayi AECG ko na wa ne da kuma wanda ya cancanta ya koyar, kuma akwai ilimin da na maza ne kaɗai ko na mata kaɗai, wanda ba ya shiga aji ko kaɗan.

Sai fom ɗin shiga makaranta. Akwai tambaya a ciki kan ko yaron yana da asalin Aborijin ko na tsibiran Torres. Ana yi wa kowa ita, kowa da kowa, ba a duba fata. Yara da yawa 'yan Wiradjuri farare ne tas, wasu da shuɗin ido, kuma kalmomi irin su "rabi" ko "kwata" su ne ainihin ma'aunin da hukuma ta yi amfani da shi wajen zaɓen yaran da za ta ɗauke. Malamin da ya ce wa yaro "ai ba ka yi kama da su ba" ya taɓa wannan miki ko bai sani ba. Wasu iyalai kuma sukan bar gurbin ba su cike ba a shekarar farko, sai sun ga kamun ludayin makarantar su dawo su gyara. Ba a matsa musu, ba a kuma neman hujja a tagar ofis.

Sai a zango na biyu muka koma kan PLP, kuma kusan komai muka sauya. Gayyata ta zama ta baki: jami'ar ilimin Aborijin ko malamin aji ya tari uwa ko kaka a bakin ƙofa lokacin tashi, ko ya buga waya, takarda ta biyo baya don tuni kawai. Kafin wannan gayyata, kowane malami sai ya riga ya kira gidan sau ɗaya da labari mai daɗi, ko da cewa yaron ya taimaki ɗan'uwansa ne a filin wasa, don kada lambar makaranta ta zama alamar matsala. Muka fitar da zaman daga ofis zuwa inuwar bishiya a farfajiya, inda aka jera kujeru a da'ira, da shayi da abin taɓawa. Wanda ya fi son a same shi a ofishin majalisar filaye ko a wurin shaƙatawa na gari, can ake zuwa. Ba teburi tsakanin malami da iyali. Mun ware minti talatin ga kowane gida, muka bar minti goma sha biyar tsakanin zama da zama, saboda idan hira ta yi daɗi ba a yanke ta da kallon agogo.

Wanda ya zo shi ne iyali. Sau da yawa kaka ce ke riƙon yaron, ko goggo, ko yayar uwa wadda yaron ke kira uwa. Mai karatu Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan, amma fom ɗin gwamnati gurbi biyu yake da shi, na uwa da na uba. Muka ƙara shafi a fayil ɗin kowane yaro inda iyalin ke faɗin wa za a kira, wa ke da izinin ɗaukar yaron, wa kuma za a sanar idan abu ya faru. Dattawa ana ce musu Anti da Ankul don girmamawa, kamar yadda ake cewa Inna ko Kawu ga wanda ba a haɗa jini da shi ba, sai dai baƙo yana tambaya tukuna: "Yaya kike so mu riƙa kiranki?" Wasu sukan ce a kira su Anti tun ranar farko, wasu sai an saba.

Zaman yana farawa da malami ya faɗi ko shi wane ne da inda ya fito, domin a nan ana fara sanin mutum ta danginsa da ƙasarsa kafin aikinsa. Tambayar farko ga iyali ita ce abin da yaron ya iya, abin da yake so, abin da yake yi a gida wanda makaranta ba ta gani. Takarda tana kife har sai an kai rabin zaman. Buri uku ake rubutawa, ba a wuce haka: ɗaya na karatu da rubutu, ɗaya na lissafi, ɗaya na al'ada ko na abin da yaron ya zaɓa da kansa. Kowane buri da sunan wanda zai yi wani abu a kai da lokacin da za a duba. "Ya inganta karatunsa" ba buri ba ne. "Zai karanta wa kakarsa littafi na minti goma sau uku a mako, malama za ta riƙa sauya masa littafi kowace Litinin, a duba a mako na takwas", wannan buri ne. Burin al'ada kuwa, iyali ne ke faɗa. Akwai gidajen da aka raba su da harshensu da danginsu tun zamanin kakanni, kuma tambayar "wane abu na al'adarku za ku koya masa?" tana iya zama musu cin fuska. Sai a tambaya ko akwai abin da suke so yaron ya sani game da mutanensa, a bar musu amsar. Ana ba su kwafi su tafi da shi a ranar. Inda abin ya fi lalacewa shi ne bayan zaman: takarda ta shige fayil, ba a sake waiwayarta sai shekara ta zagayo. Iyalin da aka yi wa alkawarin littafi ranar Litinin, Litinin uku suka wuce ba littafi, ba za su zo zama na gaba ba, kuma da gaskiyarsu.

A cikin aji abubuwa biyu ne suka fi sauya aikinmu, kunya da kunne. Kunyar da yaran ke nufi ta fi ta jin nauyi faɗi; ta haɗa da a ware mutum a gaban jama'a, ko don yabo ne. Yaron da aka kira shi kaɗai ya hau dandamali karɓar kyauta yana iya ƙin zuwa makaranta ranar. Muka koma tambayar yaro tun kafin ranar ko yana so a kira shi, ko a kira su rukuni, ko a ba shi a aji. Shiru bayan tambaya ma ba rashin sani ba ne, a hirar gida ana ɗan jinkirtawa kafin a amsa, don haka malami ya ƙirga goma a zuci kafin ya wuce ga wani. Turancin Aborijin da yaran ke zuwa da shi kari ne mai nasa ƙa'idoji. Idan yaro ya ce aikin abokinsa "deadly" ne, yabo ya yi, yana nufin ya yi kyau matuƙa. Ana koya musu Turancin makaranta a matsayin ƙari, a nuna musu inda kowanne ke aiki, ba a ce na gidansu kuskure ba ne.

Ciwon kunnen tsakiya kuwa ya yi yawa ƙwarai tsakanin yaran Aborijin. Ruwa yana taruwa a bayan dodon kunne, sau da yawa ba zafi, sai ji ya ragu kamar an toshe da auduga, yau ya yi sauƙi gobe ya dawo, musamman a sanyin Yuni zuwa Agusta. Alamominsa su ne waɗanda ake ɗauka rashin ji ne na tarbiyya: yaro ba ya amsa kira daga baya, yana leƙen abin da na kusa da shi ke yi kafin ya fara, yana gajiya da rana, yana kasa bambance sautuka masu kama da juna a darasin haruffa. Mun haɗa kai da asibitin al'ummar Aborijin na yankin don duba kunnuwa, da izinin iyaye a rubuce bayan an yi musu bayani da baki, muka kuma tuna musu duba lafiyar kyauta da ake kira 715. A ajujuwa aka sa lasifika, malami ya rataya ƙaramin makirufo. Na'urar ba ta da wuyar aiki. Abin da ke kashe ta shi ne a manta a sa ta caji da yamma, ko malamin riƙon ƙwarya ya zo ba wanda ya nuna masa. Yanzu yaro ɗaya a kowane aji ke da aikin duba cajin.

Maganar zuwa makaranta ita ce mai zafi. Shekarar karatu kusan kwana 200 ce, don haka fashin kwana ɗaya duk mako biyu ya zama kwana 20, wato mako huɗu cur. Iyaye suna so a gaya musu wannan lissafi, kuma suna karɓarsa idan an faɗa a zaune cikin mutunci. Doka ta ce a kawo dalilin fashi cikin kwana bakwai, kwamfutar ofis kuma tana fitar da wasiƙar gargaɗi da kanta. Matsalar ita ce makoki. Idan aka yi rasuwa, dangi kan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, zaman yana iya ɗaukar mako ko fiye, kuma halartarsa wajibi ne har ga yara. Wasiƙar gargaɗi da ta iske gida cikin makoki tana rusa aikin zango guda. Ƙa'idarmu yanzu ita ce babu wasiƙar da ke fita zuwa gidan ɗan Aborijin sai jami'armu ko mataimakin shugaba ya gani, kuma waya ce ke riga takarda. Shugaban makaranta yana rubuta kwanakin a matsayin hutu da izini, a yi ta'aziyya, a tambaya ko suna son aikin gida ko a'a. Wasu iyalai ba sa son a ambaci sunan mamacin ko a nuna hotonsa na wani lokaci, wasu ba su damu ba. Ana tambaya kafin a sa komai a jaridar makaranta.

Bukukuwa su ne sashen da ya fi sauƙi, shi ya sa makarantu da yawa ke tsayawa a kansu. Marhabin zuwa ƙasa, wato yi wa baƙi maraba a farkon taro, dattijon da ƙasar take tasa ne kaɗai ke yi. Amincewa da masu ƙasa kuwa, wato 'yan kalmomin girmama al'ummar da ake taro a ƙasarta, kowa na iya furtawa, kuma 'yan aji shida ne suka rubuta tamu da taimakon wata dattijuwa, don kada ta zama haddar da ake karantowa ba a ji. Tutar Aborijin, wadda Harold Thomas ya zana a 1971, baƙi ne a sama, ja a ƙasa, rawaya a tsakiya. A duba kafin a ɗaga, domin ɗaga ta a juye abu ne da gari ke daɗewa bai manta ba. Makon sulhu tsakanin Aborijin da sauran jama'ar ƙasa yana kamawa daga 27 ga Mayu, ranar ƙuri'ar raba gardama ta 1967 da ta cire sassan tsarin mulki masu ware Aborijin, zuwa 3 ga Yuni, ranar hukuncin Mabo na 1992 da ya amince da haƙƙin 'yan asali a kan ƙasarsu. Makon NAIDOC, na murnar tarihi da al'adun Aborijin da mutanen tsibiran Torres, yana farawa Lahadin farko ta Yuli, yawanci cikin hutu, sai makarantu su yi nasu a makon ƙarshe na zango na biyu ko farkon na uku, kuma duk garin dattawa ƙalilan ɗin nan yake nema a lokaci guda. Ana yin magana da su tun zangon farko. Ana biyansu, domin ilimi suka kawo, kuma tun da tsarin biyan kuɗin gwamnati yana neman fom da lambar asusu, ana cike su makonni kafin ranar don kada dattijo ya yi wata biyu yana jiran haƙƙinsa. A aika mota ta ɗauko shi, a tanadi kujera da inuwa da shayi. Wanda zai riƙa zuwa a kai a kai yana aiki da yara yana buƙatar takardar tantancewa ta jiha, mai aiki shekara biyar, kuma ofis ne ke taimaka masa ya nema.

Harshen Wiradjuri yana farfaɗowa, da ƙamus ɗin da Stan Grant babba da John Rudder suka haɗa, da kuma dokar harsunan Aborijin ta 2017, wadda ita ce irinta ta farko a ƙasar. Duk da haka ba malami ne zai buɗe ƙamus ya fara koyarwa ba. Mai koyarwa ɗan al'ummar ne da AECG ta amince da shi, malamin aji yana zaune yana koyo tare da yara. Kalmar da aka fara ba mu ita ce yindyamarra, wadda ta haɗa girmamawa da tausasawa da yin abu a hankali.

Akwai nauyin da muka daɗe muna ɗora wa mutum ɗaya ba mu lura ba. Duk abin da ya shafi ɗan Aborijin, faɗa ne a filin wasa, kuɗin balaguro ne, jawabin biki ne, sai a ce a kira jami'ar. Ita kuma idan ta tashi aiki, iyayen nan su ne maƙwabtanta da danginta, a kanti ma ba ta tsira daga maganar makaranta. Muka rubuta a fili cewa yaro na malamin ajinsa ne, shi ke kiran gida, shi ke jagorantar zaman PLP, ita mai ba da shawara ce da buɗe ƙofa. Sauyin ma'aikata ma yana cin aikin, don makarantun karkara ba sa riƙe malamai da daɗewa. Duk sabon malami ko ma'aikacin ofis yanzu, a makonsa na farko a ƙarshen Janairu, yana zama awa ɗaya da jami'ar, ya karanta shafin iyali na kowane yaro a ajinsa, ya yi tsayuwar bakin ƙofa lokacin tashi sau uku a mako, a kuma sa sunansa cikin masu zuwa taron AECG na gaba da rukunin horon kwana uku mafi kusa.